Daga shigar ciki zuwa haihuwa: tambayoyin da aka fi yi min a ɗakin awo

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ungozoma ce ta asibiti anan cikin garin Jos, na daɗe a ɗakin awo, kuma tambayoyin da zaku gani a ƙasa ba zama nayi na ƙirƙiro su ba, abubuwa ne da ake tambayata kusan kullum, wasu a gaban kowa wasu kuma sai an jira layi ya watse sannan a matso a rage murya ace "Sista dan Allah ina da 'yar tambaya". Bakina ya gaji da maimaitawa shiyasa nace bari in tara su wuri guda. Maza kar ku wuce, rabin maganar taku ce. Amma fa karanta wannan baya ɗauke ma kowa zuwa awo.

Sista a katina an rubuta sati 8, ni kuma na san lissafina bai kai haka ba. Kuskure akayi?

Ba kuskure bane. Mu a asibiti daga ranar farko ta al'adarki ta ƙarshe muke fara ƙirga, sabida ita ce ranar da mace zata iya tunawa, shi kuwa ƙwai sai kaman sati biyu bayan nan yake fitowa. Kenan sati biyun farko na lissafinmu babu ma cikin tukuna. Shiyasa zakiji muna cewa sati 40 ko kwana 280, alhali ainihin zaman yaron kaman sati 38 ne, kwana 266.

Wannan 'yar ratar ta sati biyu ta kusa kashe aure a gabana. Wani ango ya shigo takardar sikanin na rawa a hannunsa, ido jajur, amaryar na bayansa ta ja mayafi ta rufe fuska tana shessheƙa. Aurensu sati biyar, takarda tace ciki sati shida da kwana biyu. Sai da na sauke kalandar bango na ɗora a tebur muka bi kwanakin da biro ɗaya bayan ɗaya, ya ga cikin ya shiga kwana biyar bayan ɗaurin aure, sannan ya zauna ya cire hula yana goge zufa, da sanyin Jos ɗin nan fa. Toh dan Allah angwaye a dinga tambaya kafin a ɗau zafi.

Ranar haihuwa da ake rubuta miki kuma hasashe ne kawai, cikin mata 100 bai fi 4 ko 5 ke haihuwa a ranar cif ba. Daga sati 37 zuwa 42 duk lokaci ne.

Wai me ke faruwa a kwanakin farko kafin ma in san ina da ciki?

Ƙwan mace ɗan mitsitsi ne kaman ɗigon biro, in ya fito baya wuce awa 12 zuwa 24 yana jira, shi kuwa maniyyi yana iya kai kwana biyar da rai a jikin mace. Miliyoyi ne ke tafiya amma guda ɗaya tal ke shiga, yana shiga bawon ƙwan ya rufe ruf babu mai ƙara shiga. Kuma ba a cikin mahaifa suke haɗuwa ba, a bututun da ya taho daga ma'ajiyar ƙwai ne. Daga nan sai ƙwayar ta fara rabuwa, biyu, huɗu, takwas, tana gangarowa a hankali, wajen kwana 6 zuwa 10 ta isa ta maƙale a bangon mahaifa. Wasu matan suna ganin ɗan ɗigon jini a lokacin su ɗauka al'ada ce tazo kaɗan. Bayan ta maƙale ne jiki ke fara fitar da sinadarin da tsinken gwajin nan na kemis ke ganowa a fitsari, shiyasa in kin yi gaggawar gwadawa zai nuna miki layi ɗaya alhali akwai.

Wani lokaci ƙwan baya ƙarasowa, sai ya tsaya ya fara girma a cikin bututun. In kinyi ɓatan wata sannan kika ji ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara, ga jiri ko jini, wannan ba na jiƙa magani a gida bane, asibiti a daren.

'Ya'yana biyar duk mata, uwar mijina tace mahaifata ce ta mata. Gaskiya ne?

Wannan tambayar ita tafi ci min rai, bari in ɗan ja ta. Jikin mutum an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta, a cikin kusan kowace ɗaya akwai wasu zarurruka 46 da ake kira kuromozom, a jere biyu biyu kaman takalmi ƙafa 23. A jikinsu ne aka rubuta duk abinda mutum ya gado, rubutun shi ake cewa DNA. Ƙwan uwa na kawo 23, maniyyin uba na kawo 23, rabi da rabi cif, babu wanda yafi wani.

Toh ƙafa ta 23 ɗin ita ce ta jinsi. Mace tana da X da X, namiji yana da X da Y. Kinga kenan ke duk ƙwan da zaki saki X ne a ciki, baki da wani abu daban da zaki bayar. Shi maigida ne rabin nasa ke ɗauke da X rabi Y, in mai X ya riga shiga an samu mace, in mai Y ne namiji. Ba sabon zance bane, tun 1905 wata masaniya 'yar Amurka Nettie Stevens ta gano haka a jikin ƙwari, a 1990 kuma aka gano ainihin ɗan gurbin, wato guntun rubutun gadon, da ke kan Y ɗin mai kunna halittar namiji, kafin ya kunna wajen sati na bakwai na halitta ɗan tayin mace da na namiji duk kamarsu ɗaya.

Na taɓa ganin wata baiwar Allah tana kwance a gadon sikanin, mai hoton yace mace ce, bata ce uffan ba sai hawaye na gangarowa ta gefen ido yana shiga kunnenta, tace min "Sista yace in na ƙara mace zai ƙaro aure". Malam in zaka ƙara aure ka ƙara dan wani dalilinka amma kar ka ɗora ma matar nan abinda daga wajenka ya fito. Kai ma kuma ba laifinka bane dan ba kai ka zaɓa ba, rabo ne. Babu kanwa, babu tsami, babu kwanciya ta gefen dama da ke canza shi, tsinin ciki ko faɗinsa ma baya nuna komai. Sikanin ne ke nunawa, wajen sati 18 zuwa 22, shima in yaron ya yarda ya buɗe ƙafa.

Af, ga wani abin mamaki tunda ana zancen 'ya'ya mata. Jaririya tun tana ciki ake halittar duk ƙwayayen da zata yi amfani da su, a wata na biyar sun kai miliyan 6 zuwa 7, kafin a haife ta sun ragu zuwa miliyan 1 ko 2. Kenan ƙwan da aka yi ki da shi ya taɓa zama a cikin kakarki ta wajen uwa.

Yaushe zuciya ke fara bugawa, yaushe kuma yake zama mutum sosai?

Da wuri fiye da yanda kike zato. Wajen kwana 22 da haɗuwar ƙwai zuciya ta fara harbawa, lokacin duk girmansa bai fi ƙwayar riɗi ba, ke kuma kina can kina cewa al'adata ta ɗan yi latti. Zuwa kwana 28 bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da laka ya rufe. A sati 8 na lissafin kati ya kai ƙwayar wake, hannu da ƙafa sun ɓullo, a sati 10 kaman dabino ne, santimita 3, kuma kusan duk manyan gaɓoɓi an riga an kafa su. Sati 12 lemun tsami. Sati 20 giram 300 ne, sati 28 kilo ɗaya, a haife shi yawanci tsakanin kilo 2.5 zuwa 4. Daga wata na uku zuwa sama yawanci girma ne da nuna.

Kinga inda matsalar take? Aikin da yafi haɗari ana gama shi ne a sati goman farko, mu kuma matanmu sai ciki ya fito ya kai wata biyar ko shida sannan ake zuwa yankan kati, wai kunya, musamman cikin fari, ko kuma kar maƙiya su sani. A wannan tsakanin an sha haɗin kemis na zazzaɓi, an sha jiƙe-jiƙe, an sha maganin ƙiba. A ƙarshen shekarun 1950 zuwa 1961 akwai wani magani Thalidomide da aka dinga ba mata a Turai dan laulayi, aka haifi yara sama da 10,000 da guntayen hannuwa da ƙafafu kafin a gane daga ina abin yake. Tun daga nan likitoci suke kaffa-kaffa da magani a farkon ciki.

Ƙwayar da nake roƙon kowace mai neman haihuwa ta sha ita ce folik asid, 'yar ƙaramar rawayar nan, tun kafin cikin ya shiga, dan ita ke taimaka ma bututun lakar nan ya rufe da kyau, in bai rufe ba shine ake haifan yaro da ƙullutu a gadon baya. In kin jira sai kin tabbatar da ciki sau tari lokacin ya riga ya wuce. Mai farfaɗiya ko sukari ko hawan jini kuma kar ki ajiye maganinki da kanki, ki je likita ya duba ko zai canza miki.

Wata huɗu banji motsi ba, lafiya?

Yawanci lafiya lau. Mai cikin fari sai wajen sati 18 zuwa 20 take ganewa, wadda ta saba tana iya ji tun 16. Da farko kaman iska ce ke yawo. Malamai suna kawo hadisin kwana 120 na busa rai, wannan fanninsu ne a tambaye su. Nawa shine in an wuce sati 24 shiru, ko yaron da ya saba harbinki kullum ya rage, ki zo ranar, kar ki bari sai ranar awo.

Ta ina yake ci, ta ina yake numfashi?

Duk ta cibiya. Mabiya tana manne da bangon mahaifa tana tsamo abinci da iska daga jininki tana miƙa masa, ta kwaso dattinsa ta dawo miki da shi. Jininku baya gauraya kai tsaye, akwai siririn shamaki, shiyasa zaki ga uwa O yaro B. Amma shamakin baya tare komai, hayaƙin sigari da shisha, giya, kodin, tiramol duk suna ratsawa. Huhunsa cike yake da ruwa sai ya fito zai fara amfani da shi. Ruwan faya kuma yana haɗiya yana fitsararwa a ciki, eh haka ne, kar ki yamutsa fuska dukanmu mun sha.

Cibiya ta naɗe wuya ba dan kin tsallake igiya bane, juyin yaro ne, kusan haihuwa 1 cikin 4 muna gani kuma yawanci zare ta kawai muke da yatsa.

Abinci kuwa mu 'yan Jos bamu da uzuri, ga Farin Gada nan, alayyahu, kabeji, karas, ga wake ga ƙwai ga zogale, a zuba ganye sosai a gwaten acca. Sannan masu cewa sanyin Jos ya kashe sauro, maleriya tana ɓuya a mabiya ta tsotse jinin uwa ta ƙanƙantar da yaro, ki sha Fansidar ɗin da ake baki a awo daga bayan wata uku, ki shiga gidan sauro.

Ni AS maigida AS, mun haifi ɗaya mai sikila. Ance ɗaya cikin huɗu ne, kenan ukun gaba sun tsira?

A'a Hajiya, anan mutane da yawa ke faɗawa. Ki ɗauka an naɗe takardu huɗu an zuba a hula, ɗaya AA, biyu AS, ɗaya SS. Kowane ciki hannu ɗaya ake sawa a ɗauko, sannan a MAIDA takardar cikin hular kafin ciki na gaba. Hular bata tuna abinda ya fito jiya. Na san gidan da suka haifi shida babu SS ko ɗaya, na san gidan da uku a jere duk SS.

Dalili shine kowannenku yana da kwafi biyu na gurbin da ke haɗa jan jini, yaro na ɗaukan ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Sai S ya haɗu da S ake samun amosanin jini wato sikila, dan haka babu zancen "daga dangin uwarsa ne", kowa ya kawo nasa. AA da AS babu SS. AA da SS duk yaran AS zasu fito. A kula da AC ma, wani nau'in jinotaif ne, in ya haɗu da AS ana iya samun SC, shima ciwo ne.

Najeriya ce kan gaba a duniya, kusan mutum 1 cikin 4 AS ne, kuma ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya jarirai kusan 150,000 ake haifa da sikila duk shekara a ƙasar nan. Abinda yasa yayi yawa a wajenmu, AS yana ba yaro kariya daga maleriya mai tsanani, wani likita Anthony Allison ya nuna haka a gabashin Afirka a 1954. Jariri mai SS kuma garau ake haifarsa sabida jinin da ya fito da shi daga ciki daban ne, sai wajen wata biyar zuwa shida in ya fara canzawa zaki ga hannu da ƙafa sun kumbura yana ta kuka. A gwada shi da wuri.

'Yan mata da samari, ayi jinotaif tun kafin soyayya tayi nisa, ba sai an kai lefe an buga kati ba, kuma ayi sau biyu a wuri daban daban dan ana samun kuskure. Kano ma tun 2024 ta maida gwajin kafin aure doka.

Mu duka baƙaƙe ne muka haifi zabiya, dangi sai surutu suke.

Hanyarsa ɗaya da sikila. Uwa na ɗauke da shi a ɓoye uba na ɗauke da shi a ɓoye, suka haɗu a yaron. Abu yana iya kwanciya a dangi kaka da kakanni bai fito ba. Gregor Mendel ya nuna wannan tun 1866 da irin waken Turawa da yake shukawa, siffa ta ɓace a 'ya'ya ta dawo a jikoki, ɗaya cikin huɗu. Ba aljani bane, ba kuma abinda masu surutun ke nufi bane. Hula, riga mai dogon hannu, inuwa, da likitan ido, su yaron ke buƙata.

Anan zancen auren zumunci ke shigowa. Ɗan wa da 'yar ƙani kakanninsu ɗaya, dan haka sun fi saurin ɗauke da ɓoyayyen abu iri ɗaya, haɗarin yana kusan ninkawa. Duk da haka mafi yawan yaransu lafiya suke fitowa, ni bana cewa a daina, amma in a dangi akwai kurumta ko wani ciwo da ke ta maimaituwa a je a nemi shawara tukuna.

Tagwaye gado ne?

Iri biyu ne. Akwai ƙwai ɗaya da ya rabe biyu, sune masu kama sak kuma dole jinsinsu ɗaya, wannan ba'a cika gadonsa ba. Akwai kuma wanda mace ta saki ƙwai biyu a wata ɗaya, wannan shi ke bin dangi, ta wajen mace, duk da uba na iya miƙa ma 'yarsa. Hassan da Hussaina dai ko sun yi kama ƙwai biyu ne. Shekaru in sun haura 35 da magungunan neman haihuwa suna ƙara yawansa. Garin Igbo-Ora a jihar Oyo yayi suna da tagwaye, suna cewa doya ce da miyar ganyen kuɓewa, bincike dai bai tabbatar ba.

Ance jinina O negetif ne, wai zan dinga ɓari?

Ba dole ba, in an kula. In ke negetif ce yaro ya gado fozitif daga babansa, jininsa na iya ɗan shiga naki lokacin haihuwa ko ɓari, jikinki ya ɗauke shi baƙo ya tanadi makami. Na fari yawanci yana tsira, na bayansa ne ke shan wahala da shawara da ƙarancin jini. Allurar anti-D ce maganin, a sati 28 da kuma cikin awa 72 bayan haihuwa ko ɓari. Tana da tsada gaskiya, maigida a fara tara kuɗinta tun yanzu.

Nayi ɓari a wata biyu, ko dan na ɗau bokitin ruwa ne?

Ki sauke wannan nauyin daga ranki 'yar uwa. Cikin ciki 10 da aka sani 1 zuwa 2 suna zubewa, yawanci kafin wata uku, kuma wajen rabinsu kuromozom ne basu jeru daidai ba tun ranar farko, wani ya ƙaru ko ya ragu, babu abinda kika yi babu abinda zaki iya yi. Ba bokiti bane ba hawa keke Napep bane ba kishiya bace. In ya kai sau biyu uku a jere sai a bincika.

Wani lokaci mai ƙarin kuromozom ɗin yana rayuwa, kaman mai kuromozom uku maimakon biyu a ƙafa ta 21 wanda ake kira ciwon Down, yafi zuwa in shekarun uwa sun ja, wajen 1 cikin 100 a shekara 40, amma yarinya 'yar 22 ma tana haifa.

Goggona tace cikinta ya kwanta shekara biyu sannan ya tashi.

Allah ya ja da ran Goggo, amma ɗan tayi baya barci ya tsaya da girma ya dawo ya cigaba. Ko dai cikin ya lalace bai fita ba daga baya wani sabo ya shiga, ko ƙari ne a mahaifa, ko al'ada ce ta rikice. Sikanin na minti biyar zai raba gardama. Ciki in ya wuce sati 42 ma mabiya gajiya take, shiyasa muke tada naƙuda.

Da gaske bakwaini yafi ɗan wata takwas rayuwa?

Ba gaskiya bane, duk satin da yaro ya ƙara a ciki riba ce. Huhu ne ke nuna a ƙarshe, akwai wani sinadari mai santsi da ke hana shi mannewa in an fitar da numfashi, sai wajen sati 34 zuwa 35 yake wadata. Shiyasa in naƙuda ta taso da wuri ake ma uwa allurar nunar da huhun yaro. Ni a ganina abinda yasa ake faɗin haka, bakwaini kowa tsoronsa yake ana lulluɓe shi ana lallaɓawa, ɗan wata takwas kuwa sai a ganshi da ɗan girma a sake jiki a kama yi masa wanka safe da yamma, a garin nan kuma da Disamba sanyi kaɗai ya isa ya kada shi. Ki ɗaura shi a ƙirjinki fata da fata, hula a kai, zani a sama, nono akai akai.

Me zan taho da shi ranar awon farko?

Ranar da kika ga al'adarki ta ƙarshe, ki rubuta a takarda ko a waya dan "wajen bayan Sallah" baya shiga kati. Duk maganin da kike sha harda na gargajiya ki zubo a leda mu gani, babu mai miki faɗa. Takardar jinotaif da rukunin jini, naki da na maigida, in shi da kansa zai biyo ki ma yafi. Ana so a ganki aƙalla sau 8 kafin haihuwa, amma ciwon kai mai tsanani, ganin dishi-dishi, kumburin fuska, jini ko fashewar faya basa jiran ranar da aka rubuta miki. Ki karya kafin ki fito dan layin na da tsawo, ki sako suwaita da safa, bencin nan da ƙarfe bakwai na safe kaman ƙanƙara yake.